Antin Kujera

Duk wanda ya taɓa kai haƙorinsa ƙaramin asibitin nan da ke saman shagon masu fenti ya san ta, ko da bai san sunanta na yanka ba. Antin Kujera ake ce mata. Gajeriya ce mai jiki, mai saurin tafiya kamar an aike ta, kuma wurinta ɗaya ne a duniya: hagun kujerar da ake kwantar da mai ciwon haƙori. Nan take tsayawa, bututun zuƙe yawu a hannu ɗaya, ɗaya hannun a kafaɗar mara lafiya.

Ba makaranta ce ta kawo ta wurin ba. Tana budurwa ta zo neman aikin shara wajen tsohon Likita, uban wannan na yanzu. Ta share, ta goge, ta wanke kofunan kurkure baki, ido kuwa yana kan abin da ake yi. Wata rana aka kawo wani ƙaton direban babbar mota, kumatu ya kumbura suntum, da ya hango allura sai ya hau karkarwa yana neman ƙofa. Ta jingine tsintsiya ta kama hannunsa, ta shiga yi masa hirar ramukan hanya da tsadar taya, kafin ya farga haƙori yana cikin faranti. Tsoho ya dube ta ta saman gilashinsa ya ce, "Gobe ki bar tsintsiyar nan." Ba ta sake ɗaukarta ba.

A gefen kujerar nan ta yi aure, ta haihu, ta aurar. Ta san ƙarafan aiki tun kafin ta san sunayensu, har ta raɗa musu nata: akwai Mai Wuya, akwai Ɗan Siriri, akwai Sarkin Taurin Kai. Tsoho ba ya buɗe baki ya nemi abu, hannu kawai yake miƙawa ya ji an ɗora masa. "Hannun damana," haka yake nuna ta ga baƙi, ita kuwa sai ta sunkuyar da kai kamar ba ta so, alhali da wannan kalma take kwana. Da ya rasu, ɗansa ya gaji asibitin, yaron da ta sha kora daga kan kujera yana wasa da fitila. A gaban mutane tana ce masa Likita. Idan sun keɓe kuwa har yau tana yi masa faɗa kan rashin karyawa.

Shi ne ya ɗauko Sista, wata siririyar yarinya mai tabarau, da takardar makarantar koyon aikin haƙori. Aka ba ta teburin karɓar mutane da ɗakin wanke ƙarafa, wanda suke kira ɗakin tukunya. Anti ba ta ƙi ta ba. Me za ta ƙi? Yarinya mai ladabi, tana can baya da soso da buroshi. Har kuɗin mota takan ƙara mata wani lokacin, irin alherin da mutum yake yi wa wanda bai taɓa zaton zai kamo shi ba.

Sai annobar nan ta zo, mai shiga ta numfashi. Aka rufe asibitin, amma ciwon haƙori bai san doka ba. Mutane suka riƙa bin Likita har gida, hannu a kumatu, wasu sun riga sun cusa garin ƙwayar magani a ramin haƙori sun ƙone dasashi. Da ya ga abin ba mai ƙarewa ba ne, ya kira Anti da Sista ya ce za a buɗe, amma da sharaɗi. Mai kumburi da mai ciwon da ya hana barci kaɗai za a gani. Mutane su jira a ƙasa, a kan benci, nesa da juna. A buɗe tagogi, a kashe fanka. Injin huda haƙori, wanda yake feshin ruwa da yawu har fuskar mai aiki, ba za a kunna shi ba sai dole ta yi dole.

Takunkumi mai kyau ya yi wuyar samu, 'yan kaɗan ya samo, ya ce kowa zai riƙa ajiye nasa a ambulan ya huta kafin a sake sa shi. Tela ya ɗinka musu dogayen riguna masu igiya ta baya. Garkuwar fuska kuwa da hannunsu suka haɗa, da robar bangon littafi da soso da roba mai miƙewa. Anti tana ta gyaɗa kai, har ta ɗauki riga tana gwadawa a jikinta.

"Anti," in ji Likita, bai yarda sun haɗa ido ba, "ke za ki koma ɗakin tukunya. Sista za ta tsaya a kujera."

"Ban ji ba."

"Kin ji. Kina da suga, ga hawan jini. Masu irin ciwonki su cutar nan take kwashewa."

"Sugan nawa yau ya fara? Da shi na tsaya wa mahaifinka, da shi na tsaya maka."

"Lokacin babu wannan abin. Ki yi haƙuri, Anti, na gama magana."

Sista ta sunkuyar da kai tana murza bakin mayafi. Da ta yi murmushi ma da ya fi sauƙi, da Anti ta samu abin kamawa.

Ɗakin tukunya ɗan ƙuƙut ne, famfo a hagu, tukunyar tururi a dama. Ƙarafa masu jini suna shigowa ta hagu, a jiƙa, a goge da buroshi, a busar, a naɗe, a manna musu tef, a jera a tukunya. Idan zafi ya kai, layukan tef ɗin su yi baƙi. Idan aka ɗauke wuta a tsakiya, sai a tayar da janareto a sake daga farko. Abin da ya je dama ba ya komawa hagu. Anti ta riƙe aikin tsaf, don ko tana fushi ba ta iya aikin banza ba. Matsalar ita ce 'yar tagar da ake miƙa faranti ta cikinta, wadda take kallon kujera kai tsaye.

Ta wannan taga ta ga Sista ta tsaya daidai inda ƙafafunta suka cinye fentin daɓe. Ta zuba ido tana jiran ranar da yarinyar za ta miƙa Ɗan Siriri a maimakon Mai Wuya, ko ta zuƙo harshen wani da bututu, Likita ya juyo ya ce a kira Anti. Ranar ba ta zo ba. Hannun yarinyar ba nauyi, kuma ba ta da surutu. Duk sanda Likita ya ce "Yauwa," sai Anti ta ji kamar an ɗiga mata ruwan zafi a ƙirji. Kishi ne, kishi tsagwaronsa, kuma ta san sunansa, sai dai ko a ranta ba ta yarda ta kira shi.

Wata tsohuwar malamar makaranta, wadda Anti ta riƙe wa hannu tun haƙoranta suna cike, ta zo da kumburi. Aka cire mata, ta tashi da auduga a baki, ta dubi mai riga da takunkumi da ke gefenta.

"Allah ya yi miki albarka, Anti. Hannunki na nan yadda na san shi."

"Mama, ba Anti ba ce. Sista ce. Anti tana ciki."

"Au! To wallahi ban ji bambanci ba."

Anti tana bayan taga da buroshi a hannu. Ta goge filayar nan har sai da yatsunta suka yi ciwo.

A gida, mijinta, tsohon makanike da ya ajiye sifana saboda ciwon baya, ya mayar da abin nishaɗinsa. Tana shigowa, ta tuɓe a bakin ƙofa, ta yi wanka, kafin ta zauna zai rage muryar rediyo.

"To, yau kuma me 'yar tabarau ta yi?"

"Me za ta yi? Bututu take riƙewa kamar mai riƙe cokali."

"Amma haƙoran suna fita?"

"Suna fita mana, da wa ya ce ba sa fita?"

"Ikon Allah. Mu dai mun tsufa tare, ban taɓa ganin kin rame saboda ni ba. Kujerar ƙarfe ta zo ta ramar da ke."

Ta yi tsaki ta shige ɗaki. Shi a ganinsa Likita gata ya yi mata, kuma ya faɗa mata haka ba sau ɗaya ba. Ita kuwa gatan ne ma ya fi ƙona mata rai, don ba a yi wa mutum gata irin wannan sai an ga ya tsufa.

Akwai aiki na biyu da Likita ya ɗora mata, wanda ya ce ya fi na tukunya muhimmanci. Sa kayan kariya ba wuya, cire su ne haɗari, don duk abin da ya fito daga bakin mara lafiya yana jikinsu. Mai cirewa a gajiye yake, gumi ya rufe masa ido, ba ya ganin abin da hannunsa yake yi. Saboda haka dole wani ya tsaya yana kallo. A ɗan lungun da ke tsakanin ɗakunan biyu, kusa da bokitin bilic na kashe ƙwayoyin cuta, nan Anti take tsayawa da safar hannu. Ita take kwance igiyar riga ta baya, ta tabbata an naɗe rigar, cikinta ya koma waje, an kama garkuwa ta madaurinta, an wanke hannu tsakanin kowane abu da na bayansa. Idan hannu mai datti ya doshi fuska, ta yi magana nan take.

"Idonki ne katangarmu, Anti," in ji Likita.

Ta kuwa sami wurin hucewa. "Hannu!" take daka wa Sista tsawa, ko da hannun bai je ko'ina ba. "Haka aka koya muku a makarantar? Sake wankewa." Yarinyar ta sake, ta ɗago ta ce, "Na gode, Anti." Kullum sai ta gode. Godiyar nan ta fi zagi ciwo, don ba ta barin wurin da za a tayar da faɗa.

Ranar da abin ya faru rana ce mai zafi, iska ta tsaya cik. Aka hawo da wani magidanci, fuska ta karkace don kumburi, yana ɗan tari. Ya ce mura ce kawai, na'urar auna zafi kuma ba ta nuna komai ba. Likita ya kama haƙorin, haƙori ya karye, saiwa ta maƙale a ciki. Ba yadda za a yi sai an kunna inji. Feshi ya tashi, mutumin yana tari a tsakani, garkuwar Sista ta yi ɗige-ɗige. Aka ɗauke wuta, aka tayar da janareto, aka ci gaba. Anti tana taga, ta ga inda saiwar ta nufa, ta san ƙarfen da ake bukata, har bakinta ya buɗe za ta faɗa. Kafin ta yi magana Sista ta riga ta ɗora wa Likita shi a tafin hannu. Saiwa ta fito.

Likita ya sauke numfashi. Ta cikin takunkumi ya ce, "Kai, Sista, hannunki ya faɗa. Yanzu kam na yi hannun dama."

Bai san akwai mai wannan kalma ba, ko kuwa ya manta. Anti ta ji ta sarai, duk da ƙarar janareto.

Sista ta fito lungu tana tangaɗi don gajiya, riga ta jiƙe sharkaf, tabarau ya yi fari fat da tururin numfashi, ko gabanta ba ta gani. Kafin ta cire safar hannu, ta zura yatsa ta ƙarƙashin garkuwa, ta share gilashin, ta murza gefen ido inda gumi yake yi mata yaji. Abin bai ɗauki lokaci ba, ita kanta ba ta san ta yi ba.

Anti ta gani. Kalmar da take faɗa sau goma a rana ba dalili ta zo mata har maƙogwaro. Da ta faɗa, da an tsaya an wanke idon nan da ruwan gishirin asibiti, an wanke fuska da sabulu, an gaya wa Likita. Ba ta so yarinyar ta mutu ba, Allah shaida ne, ko ciwon kai ba ta roƙa mata ba. Abin da ya zo mata kawai shi ne: ai hannun dama ce, ta iya komai, to ta ga kanta mana. Ta haɗiye maganar, ta ja igiya ta kwance.

"Na yi daidai, Anti?"

"Wuce ki wanke hannu."

Bayan 'yan kwanaki ƙanin magidancin ya bugo waya, ya ce an kai yayansa inda ake killace masu cutar. Likita ya rufe asibiti, ya ce kowa ya zauna gida ya saurari jikinsa. Shi bai ji komai ba. Anti ba ta ji komai ba. Sista ce zazzaɓi ya kayar, daga nan numfashi ya fara yi mata wuya.

Likita ya kira Anti a waya. "Ranar mutumin nan, kin ga wani kuskure wajen cire kaya?"

"Ranar dai zafi ya yi yawa," in ji ta.

"Haka ne. Wa ya sani ma, ko a motar haya ta ɗauka, ko a kasuwa. Abin ya cika gari."

Ta riƙe wannan magana da hannu biyu. Motar haya ce, ba shakka, yarinyar da take shiga mota biyu kafin ta iso. Ta yi mata addu'a a kowace salla, addu'a ta gaskiya, har da hawaye. Amma zuciya ba ta da kunya. Da ta ji Likita da kansa ya ɗauki tukunyar iskar numfashi a motarsa ya kai wa Sista, yana kira safe da yamma, masu shagon fenti ma suna tambayar jikin Sista, sai wani abu ya sake motsa mata. Ita da ta kwanta aikin ido bara, sau nawa ya kira? Ta ji kunyar wannan tunani, ta yi istigfari, tunanin bai tafi ba. A cikin kwanakin nan ne kuma ta wanke doguwar rigar da tela ya ɗinka mata, ta goge ta, ta ninke a jaka.

Sista ta sha da ƙyar. Da aka sallame ta, Anti ta je dubiya. Mahaifiyar yarinyar ta ajiye mata kujera a tsakar gida, nesa da tagar ɗakin, ta ce, "Ke ce Antin? Sunanki ba ya fita daga bakinta." Aka ɗaga labule. Yarinyar ta zama kamar a hure ta ta faɗi, tabarau ya yi wa fuskarta yawa. Magana ɗaya sai ta tsaya ta nemi numfashi.

"Anti, Baba ya ce ba zan koma ba. Wai asibiti ne ya jawo mini."

"Ki dai samu lafiya tukuna."

"Na ce masa ba daga can ba ne. Na faɗa wa Likita ma. Da na yi kuskure ai da kin gani. Ke da ko ƙiftawa na yi sai kin yi magana."

Anti ta dubi ƙasa. Akwai tururuwa suna jan wani abu a gindin kujerar, ta bi su da ido.

"Allah ya ƙara sauƙi," ta ce, ta miƙe tun ba a kawo mata ruwa ba.

Ranar da aka sake buɗe asibiti ta riga kowa zuwa. Ta goge kujera da bilic, ta jera faranti, ta sa rigarta, ta lanƙwasa hannu ta ɗaure igiyar da kanta. Ta tsaya a hagu, ƙafafunta suka faɗa wurinsu. Duk abin da ta kwana da shi a kwanakin nan, daɗin tsayuwar nan bai fasa zuwa mata ba.

Likita ya shigo, bayansa wata doguwar budurwa rungume da jaka. Ya tsaya a bakin ƙofa ya dubi Anti.

"Anti, fito daga nan."

"Sista ba za ta dawo ba. Wa zai tsaya maka?"

"Ga ta. Ajinsu ɗaya da Sista, Sistar ce ma ta turo ta."

"Ina nan da raina za ka je ka ɗauko wata? Me na yi maka? Hannuna ne ya mutu ko idona?"

Ya ajiye jakarsa a hankali. Wannan karon ya dube ta ido cikin ido.

"Sista da ƙuruciyarta, ba suga ba komai, kin ga yadda ta koma. Ke da kin kwanta ba za ki tashi ba. Wallahi ko ni kaɗai zan yi aikin nan, in riƙe bututu da haƙorina, ba zan tsayar da ke a nan ba. Ba yau ba, ba gobe ba. Da Sista da babu Sista duk ɗaya ne, tun ranar farko."

Ta tsaya kamar an dasa ta. Ashe Sista ba ta ƙwace mata komai ba. Wurin ya riga ya fita daga hannunta tun kafin a ce wa wata ta tsaya, kuma da ta yi magana a lungu da ta yi shiru, ɗakin tukunya ne nata.

"Ki nuna mata yadda ake sa kaya," in ji Likita, muryarsa ta sauko. "Kuma ke za ki riƙa duba ta in za ta cire. Ba wanda na yarda da idonsa kamar ke."

Baƙuwar ta rusuna. "Ina kwana, Anti. Sista ta ce in gaishe ki. Ta ce duk faɗan da za ki yi mini in haƙura, don kina tsaye ba abin da zai same ni."

Anti ta matso kusa da ita. Ta juya ta, ta ɗaure mata igiya, ta gyara mata garkuwa, ta ɗauki farantin da babu komai ta shige ɗakin tukunya. Aka hawo da mutum na farko. Ta buɗe famfo, ta ce wa ranta ba za ta kalli taga ba, sai ga ta tana kallo. Doguwar ta tsaya a hagu, ta ɗora hannu a kafaɗar mara lafiya. Likita ya miƙa hannu, aka ba shi, ya ce, "Yauwa."

Zafin nan ya taso mata a ƙirji, sabo fil, kamar ba a taɓa yin komai ba. Ta dafa bakin famfo, tsoro ya kama ta. Nan da azahar yarinyar za ta fito lungu a gajiye, ta juya mata baya, ta jira a kwance mata igiya.